Kullum Aikina Sai Ya Ɓace a Kwamfutar Makaranta, Ga Ranar Kare Furojet Ta Matso

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na difloma, sashen kimiyyar kwamfuta, a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Furojet ɗina shafi ne da zai riƙa ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin wata da sakamakon jarrabawa na Islamiyyar unguwarmu, da harshen PHP da rumbun bayanai na MySQL nake rubuta shi. Ba ni da laftof, don haka a ɗakin kwamfutar makaranta nake aiki, inda duk kwamfutocin suke haɗe da juna.

Wata guda ke nan ina fama. Na je girka XAMPP, manhajar da ke haɗa PHP da MySQL da Apache a wuri ɗaya, kwamfuta ta nemi kalmar sirrin admin. Wata ƙawata ta ba ni nata a filash, na kunna Apache, wato sabar da ke miƙa wa burauza shafin, ya ƙi tashi, jan rubutu yana cewa wani abu ya riƙe 80. Ranar da Allah ya sa ya tashi na yi aikin awa huɗu, washegari na tarar babu komai, kamar ban taɓa zama a wurin ba. Na koma aiki a kan filash ɗin, aka ɗauke wuta, tun daga nan MySQL bai sake tashi ba. In na je sauke wani abu a intanet sai a ce takardar shaidar shafin ba ta da inganci. Malamin da ke duba aikina yana so ya buɗe shafin daga tasa kwamfutar, ya rubuta localhost bai ga komai ba, ya ce da alama ban yi aiki ba.

Na yi wa mai kula da ɗakin magana, ya ce haka aka saita, ba zai taɓa ba. Wani ɗan ajinmu ya ce yana da filash ɗin da ke goge kalmar sirrin admin cikin minti biyar. Wata kuma ta ce in daina wahalar da kaina, in je shagon buga takardu in sayi gamammen furojet. Saura mako biyar. Wallahi Yaya na fara tunanin ko kaina ne bai dace da wannan karatu ba. Me zan yi?

Ƙanwarki a Arewa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne babu wuri ko ɗaya da kika ce kod ɗinki ya ba ki kuskure. Duk abin da kika lissafa ya faru ne kafin a kai ga kod, ko a gefensa. Kin zauna awa huɗu kin rubuta abu ya yi aiki, ashe kanki lafiya lau yake. Abin da ke gabanki kwamfuta ce da aka saita da gangan don ta ƙi duk wani sauyi, ke kuwa aikin da aka ba ki sauyi yake buƙata. Na yi shekaru ina kula da irin wannan ɗaki, na ga ɗalibai masu hazaƙa suna zargin kansu a kan wannan abu, shi ya sa wasiƙarki ta taɓa ni.

Kuma ba matsala ɗaya ce gare ki ba. Matsaloli ne kamar shida da suka taru, kowacce da sanadinta, kike ganin su kamar dutse guda. In aka raba su, yawancinsu kina iya magance su da hannunki ba tare da kalmar sirrin kowa ba.

Bari in fara da filash ɗin ɗan ajinku, domin shi kaɗai ne zai iya jawo miki abin da ba ya gyaruwa. Kada ki karɓa. Kwamfutocin da ke haɗe da babbar kwamfutar makaranta suna ajiye tarihin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, kuma mai kula da ɗakin ya san inda kike zama. Ranar da ya zo shiga kalmarsa ta ƙi, ba ɗan ajinku zai nema ba. Ɗakunan kwamfuta da yawa a ƙasar nan su ne ake mayarwa cibiyar jarrabawa, don haka taɓa makullinsu laifi ne da kan kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ta haramta kutsawa cikin kwamfuta ba da izini ba. Kada garin neman gira ki rasa ido. Sayen gamammen furojet kuwa, ranar kare shi za a ce ki buɗe fayil kaza ki ƙara gurbin lambar wayar mahaifi a fom. Wadda ta rubuta da kanta minti biyu ya ishe ta, wadda ta saya sai ta tsaya tana kallon allo. Sannan Islamiyyarku na jiran abin da zai yi mata amfani na gaske, wanda ke za ki iya gyara musu in ya sami matsala.

To mu zo ga ɓacewar aiki, wanda na san shi ya fi yi miki ciwo. Kusan tabbas an ɗora wa kwamfutocin manhajar daskarewa, wadda aka fi sani ita ce Deep Freeze ta kamfanin Faronics. Ki duba ƙasan allo ta dama, kusa da agogo, in kin ga hoton kan farar dabba to ita ce. Aikinta shi ne duk abin da aka rubuta a faifan C, da zarar an kashe kwamfuta an kunna sai ta mayar da shi yadda yake ranar da aka daskarar da shi. Da ƙwayar cuta da wasan da wani ya ɗora da furojet ɗinki duk ɗaya ne a wurinta. Sai dai galibi ana barin wani faifai, D ko wani harafi, ba a daskarar da shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki ajiye ƙaramin fayil a kowane faifai da kika gani, ki kashe ki kunna, ki ga wanda ya tsira. Nan ne wurin aikinki. In babu wanda ya tsira, to kullum da kayanki za ki zo ki koma, kamar mai talla.

Kayan nan kuwa ba sa buƙatar girkawa. Mutanen Apache Friends da ke haɗa XAMPP suna fitar da shi iri biyu: wanda ake girkawa, shi ne ya nemi kalmar sirri, da kuma wanda ke zuwa a dunƙule cikin zip, wanda warwarewa kawai ake yi. Ina zaton irinsa ƙawarki ta ba ki. Sharaɗinsa shi ne foldar xampp ta zauna a bakin faifai kai tsaye, wato D:\xampp ko E:\xampp, ba a cikin wata folda ba. In a nan take sai ya tashi ko da harafin filash ya canza daga wannan kwamfuta zuwa waccan. In kuwa dole ta sa kin ajiye ta can cikin wasu foldoji, sai kin danna fayil ɗin setup_xampp.bat sau ɗaya don ya gane inda yake. A allon sarrafa shi kuma akwai ƙananan akwatuna a hagu masu mayar da Apache da MySQL su riƙa tashi tare da Windows. Ki bar su, su ne ke buƙatar admin. Maɓallin Start kaɗai ne naki.

Akwai wani tarko a nan da ya keɓanta da kwamfutoci masu haɗe. A wasu makarantu, abin da kike gani a matsayin Desktop ko Documents ba a cikin kwamfutar gabanki yake ba, yana can a babbar kwamfuta, ta waya ake kawo miki shi. Za ki gane haka in adireshin foldar ya fara da sanduna biyu a karkace maimakon harafi. Wurin yana da kyau don ajiye kwafi, amma kada ki tayar da Apache ko rumbun bayanai daga can. Jan ƙafa zai yi, kuma in waya ta motsa sai fayil ya lalace.

Yanzu batun 80. Ki ɗauki kwamfuta kamar gida mai ƙofofi masu lamba har 65,535. Kowace manhajar da ke jiran baƙo daga netwok tana tsayawa a ƙofa ɗaya, kuma biyu ba sa tsayawa a ƙofa guda. Ƙofar shafukan intanet ta al'ada ita ce 80, ta masu kulle kuma 443. Apache ya zo ya tarar wani ya riga shi. In kina son sanin ko wane ne, ki buɗe baƙin allon cmd ki rubuta netstat -ano | findstr :80 sai ki dubi lambar ƙarshen layin. In 4 ce, to Windows ce da kanta, yawanci saboda IIS, wato sabar shafuka ta Microsoft, ko wani ɓangare na SQL Server da aka ɗora don wani darasi. Ba ki da ikon kashe shi, kuma ba ki buƙata. Ki danna Config a layin Apache ki buɗe httpd.conf, ki nemo Listen 80 ki mayar da shi Listen 8080, haka ma ServerName localhost:80. In 443 ma a riƙe take, ki buɗe httpd-ssl.conf ki mayar da ita 4433. Daga nan a burauza localhost:8080 za ki riƙa rubutawa. In kika manta lambar za ki ga shafin da ba naki ba, ki ɗauka aiki ya sake ɓaci.

Haka nan MySQL tana tsayawa a 3306, kuma in an riga an girka wata MySQL a kwamfutar sai su yi karo. Ana canza ta zuwa 3307 a fayil ɗin my.ini, amma sai kin sanar da phpMyAdmin, shafin da ake sarrafa rumbun da shi, a config.inc.php, kin kuma sanar da kod ɗinki, inda lambar ƙofa ita ce abu na biyar a cikin mysqli_connect. Saboda irin wannan ne nake son ɗalibi ya tara bayanan haɗuwa da rumbu a fayil guda ɗaya, sauran shafuka su riƙa kiran sa, don in abu ya canza wuri ɗaya za a gyara.

Ga wata ƙaramar hanya da ba a cika koya wa ɗalibai ba. Tun PHP 5.4 da ya fito a 2012, PHP yana da ƙaramar sabarsa a ciki. Ki shiga foldar aikinki a cmd ki rubuta E:\xampp\php\php.exe -S localhost:8000 shi ke nan shafinki ya tashi ba tare da Apache ba. Ranar da Apache ya yi gardama kuma lokaci ya ƙure, wannan zai fitar da ke. In kin gaji da rubuta dogon adireshin, set PATH=E:\xampp\php;%PATH% zai sa kalmar php kaɗai ta wadatar har ki rufe allon, kuma ba ya taɓa saitin kowa.

Sai mu zo ga rumbun da ya mutu, kuma a nan zan ɗan daɗe domin akwai yiwuwar bayananki na nan ba su tafi ba. Abin da XAMPP ke kira MySQL a allonsa, tun 2015 MariaDB ce a ciki, amma aikinsu kusan ɗaya. Rumbun bayanai ba ya rubuta komai nan take, yana riƙe wasu abubuwa a ƙwaƙwalwa yana zubawa a hankali, yana kuma ajiye kundin abin da ya yi. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, musamman a kan filash mai jinkiri, sai kundin da ainihin fayilolin su saɓa, ya ƙi tashi. Abu na farko, kafin ki taɓa komai: ki kwafe foldar xampp\mysql\data gaba ɗayanta zuwa wani wuri. Kada ki goge komai, musamman fayil mai suna ibdata1. Za ki ga masu ba da shawara a intanet suna cewa a goge shi. Rumbun zai iya tashi, amma teburanki za su zama suna ba jiki, domin wani muhimmin ɓangare na bayanansu a cikinsa yake.

Bayan kin yi kwafi, ki buɗe mysql_error.log a cikin foldar ki karanta layukan ƙarshe, su ne ke faɗin abin da ya lalace. Sau da yawa teburan tsarin rumbun ne suka ɓaci, ba naki ba. In haka ne, ki canza sunan data zuwa data_tsoho, ki kwafi foldar backup da ke kusa da ita ki sa wa kwafin suna data. Sannan daga data_tsoho ki ɗauko foldar rumbunki kaɗai, ban da mysql da performance_schema da phpmyadmin, ki zuba a sabuwar, ki ɗauko ibdata1 na tsohuwar ki danne na sabuwar da shi. Ki danna Start. Wannan yana yi a lokuta da dama. In bai yi ba kada ki ɓata kwana uku a kai: teburan Islamiyya ba za su wuce biyar ko shida ba, tsarinsu na cikin babi na uku na rubutunki, ki sake gina su a zama ɗaya.

Abin da nake so ya zame miki jiki daga yau shi ne minti goma na ƙarshen kowane zama. Ki shiga phpMyAdmin, ki zaɓi rumbunki, ki danna Export, ki ajiye fayil ɗin sql a cikin foldar aikinki da kwanan wata a sunansa. Ki danna Stop a MySQL ki jira ya tsaya kafin ki zare filash. Kuma in kin ji an kashe janareta ko UPS ya fara kuka, Stop ɗin za ki fara dannawa kafin komai. In da hali ma kada rumbun ya yi aiki a kan filash: ki kwafe xampp zuwa faifan kwamfutar da safe, ki yi aiki a can, ki tafi da foldar aikinki ta cikin htdocs, inda XAMPP ke ajiye shafuka, da fayil ɗin sql. Waɗannan biyun su ne furojet ɗinki, sauran duk ana sake samu. Nauyinsu bai taka kara ya karya ba, don haka ki ɗora kwafi a Google Drive ko ki tura wa wayarki. Kada ki dogara da Gmail a nan, domin tun 2017 yana ƙin fayilolin js ko da a cikin zip suke. Filash ɗin da ke yawo a ɗakin kwamfuta kuma kan kwaso ƙwayar cutar nan mai mayar da foldoji gajerun hanyoyi. In ya same ki kada ki yi fomat, fayilolin ɓoye su aka yi, attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana fito da su.

Batun takardar shaida, kafin ki zargi intanet ki dubi agogon kwamfutar. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci in babu wuta. Kwamfutocin makarantunmu sun kwana biyu, kuma suna shafe sa'o'i da yawa babu wuta, don haka batirin kan mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya. Kowace takardar shaidar shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in kwamfuta ta ɗauka muna shekaru goma baya sai ta ga takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi. Gyaran agogo yana buƙatar admin, amma wannan roƙo ne da mai kula da ɗaki zai yi murna da shi, domin a kwamfutoci masu haɗe da babbar kwamfutar Windows, saɓanin da ya wuce minti biyar ma kan hana shiga.

In agogo daidai yake, to dillali ne. Makarantu da yawa ba sa barin kwamfuta ta fita intanet kai tsaye, sai ta bi ta wata na'ura da ake kira furoksi, wadda ke tacewa da ƙidaya. Burauza ta san da zamansa saboda an faɗa mata a saitin Windows, amma manhajojin sauke kayan kod irin su Composer da npm da pip da ake kira daga baƙin allo sau da yawa ba su sani ba. Alamarsa ita ce burauza na buɗe shafuka amma umarni ya tsaya har ya gaji, ko ya ba ki lamba 407. Ki tambayi adireshin furoksin da ƙofarsa, galibi 3128 ko 8080, ki sa su da set HTTPS_PROXY a allon da kike aiki. Za ki ga ana cewa a kashe binciken takardar shaida gaba ɗaya. Ban yarda ba, wannan buɗe wa kowane irin kaya ƙofa ne ya shigo aikinki.

Gaskiyar magana ma, furojet irin naki bai kamata ya dogara da intanet ɗin makaranta ba ko kaɗan. In kina amfani da kayan ƙawata shafi da motsa shi irin su Bootstrap ko jQuery, ki sauke fayilolinsu sau ɗaya da datar wayarki ki zuba su a foldar aikinki, shafukanki su riƙa kiran su daga nan. Na sha ganin ɗalibi ya ƙawata shafi, ranar karewa babu intanet a ɗakin, shafin ya fito tsirara babu launi babu tsari, saboda kayan adon daga waje yake jawo su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zare wayar intanet ki gwada aikinki tun yanzu.

Malaminki kuma, ba laifin aikinki ba ne. Kalmar localhost tana nufin "kwamfutar nan da nake zaune a gabanta", lambarta 127.0.0.1 a kowace na'ura a duniya. Da ya rubuta ta a tasa, kansa ya kira. Ki rubuta ipconfig a taki ki nemo layin IPv4, za ki ga lamba mai farawa da 192.168 ko 10 ko 172. Ita zai rubuta, ya bi ta da :8080 da sunan foldarki. In bai buɗe ba, katangar tsaron Windows ce ta tare, kuma buɗe ta sai admin. Ki kuma duba ko kin rubuta localhost a cikin mahaɗan shafukanki, domin in haka ne shafin farko zai buɗe masa, na biyu ya ƙi. Lambar nan kan canza daga rana zuwa rana, ki riƙa dubawa. Tunda duk ajin na iya ganin abin da kika buɗe, ki sa wa root, wato babban asusun rumbun, kalmar sirri, domin XAMPP babu ita yake zuwa. Kuma don Allah kada ki zuba ainihin sunayen yaran Islamiyya da lambobin iyayensu a kwamfutar da kowa ke zama. Ki ƙirƙiri na gwaji, amanar mutane ce. Hanya mafi sauƙi dai ita ce ki roƙi malam ya tako zuwa inda kike, ko ki ɗauki aikin bidiyo da waya ki nuna masa yana tafiya, don zargin rashin aiki ya sauka daga kanki tun wannan makon.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da babu dabarar da za ta fitar da ke. In Apache ya ce bai ga VCRUNTIME140.dll ba, to kwamfutar na buƙatar ƙunshin Visual C++ na Microsoft, girka shi sai admin. In kuma Windows ta ce shugaban tsarin ya toshe wannan manhaja, to an hana tayar da komai daga filash ne, sai izini. Ki kuma duba ko Windows ɗin 32-bit ce, domin sababbin XAMPP na 64-bit ne, sai ki nemi tsohon da ya dace.

Wannan ya kawo mu ga mai kula da ɗakin. Na zauna a kujerarsa, bari in faɗa miki abin da ya ji. Da kika ce masa "XAMPP ba ya yi", abin da ya shiga kunnensa shi ne a buɗe wa ɗalibai kwamfuta su yi yadda suke so, shi kuma in abu ya lalace shi za a tuhuma, wataƙila har a taɓa albashinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki koma wurinsa lokacin da ɗakin ba cunkoso, ki gaishe shi da girmamawa, ki ce: Malam, ba kalmar sirri nake nema ba, abu huɗu nake roƙo a kwamfuta ɗaya tak. A nuna mini faifan da ba ya gogewa, a gyara agogo, a ɗora Visual C++ in babu, a buɗe ƙofa 8080 a cikin netwok ɗin ɗakin. Duka ba za su ci masa rabin awa ba, ya cire daskarewar ya yi ya mayar. Mutum ya fi saurin amsa roƙon da ya san iyakarsa.

In ya ce ba shi da hurumi, ki yarda da shi, wataƙila gaskiya ya faɗa. Sai ki tara 'yan ajinku masu furojet irin naki, na tabbata ba ke kaɗai ba ce, ku rubuta gajeriyar takarda ta hannun malaminku zuwa ga shugaban sashe, kuna roƙon a ware kwamfuta uku ko huɗu don masu furojet har a gama karewa. Kada ku sa sunan mai kula da ɗakin a matsayin wanda ya hana. Ku ba shi abin da zai kare kansa da shi, wato umarni a rubuce daga sama. Shi ma ɗan ajin naku mai filash ku sa shi cikin masu sa hannu, buƙatarku ɗaya.

Mako biyar ya isa. Ranar Litinin ki yi gwajin faifan da ke tsira, ki canza ƙofa zuwa 8080, ki kwafe foldar data kafin ki gwada tayar da rumbun. Ki riƙe lambar kwamfutar da ta yi miki aiki, ki riƙa sammako don ki same ta. Ki ware ƙaramin littafi, duk jan rubutun da ya fito ki kwafe shi harafi da harafi tare da abin da ya magance shi, zai shiga babi na huɗu na rubutunki. In rumbun ya ƙi tashi bayan duk wannan, ki ɗauki hoton layuka ashirin na ƙarshe na mysql_error.log ki turo mini, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe mini da malaman Islamiyyar.

Yayarki